Haɗa Kwamfutar Wasa da Ƙaramin Jari: Zaɓen Sassa Bisa Yanayin Jega, Aliero da Maiyama

Tsakure

Maƙalar ta yi bayanin yadda mai ƙaramin jari zai zaɓi sassan kwamfutar wasa ya haɗa da hannunsa, tare da la'akari da abubuwan da jagororin ƙasashen waje ba su cika kulawa da su ba, wato rashin tabbas na wutar lantarki, da zafin bazara, da ƙurar hunturu, da kuma nisan kasuwa. An ɗauki Jega da Aliero da Maiyama na Jihar Kebbi a matsayin farfajiyar bayanin.

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya bi hanyar da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Aliero, ta shiga Jega, sannan ta miƙe kudu zuwa Maiyama, ba zai rasa ganin gidajen gem ba, inda matasa ke biyan kuɗi su buga ƙwallo a PlayStation. Tun da aka kafa Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kebbi a Aliero a shekarar 2006, sai aka samu wani rukunin matasa masu buƙata ta daban: ɗaliban injiniyanci da na kimiyyar kwamfuta, waɗanda ke son na'ura ɗaya da za ta ɗauki AutoCAD ko MATLAB da rana, ta kuma ɗauki eFootball ko GTA V da dare. Kwamfutar tafi-da-gidanka mai irin wannan ƙarfi tana da tsada, kuma idan wani sashe nata ya mutu, sau da yawa ita duka ta mutu ke nan. Ta tebur kuwa ana iya sayen sassanta ɗaya bayan ɗaya, a haɗa a ɗaki, a canza wanda ya lalace a bar saura.

Sai dai sauƙin yana tafe da haɗari. Kusan duk sassan daga waje ake shigo da su, farashinsu kuma dala yake bi. Kafin watan Yunin 2023 dala ɗaya tana kusan naira 460 a farashin hukuma, amma a farkon 2024 ta haura naira 1,500. Saurayin da ya tara ribar albasar shekara guda, ko wanda ya daɗe yana tsimin kuɗin makarantarsa, ba shi da damar yin kuskure sau biyu. Idan ya sayi furosesar da ba ta shiga allonsa, ko katin hoton jabu, babu shagon da zai taka da ƙafa ya mayar. Saboda haka ba a kawo farashin naira a wannan maƙala ba, domin ba zai yi wata uku yana daidai ba. Abin da aka kawo shi ne dalilan zaɓe, waɗanda ba sa canzawa da canjin dala.

2.0 A Fara da Wuta

Masu bayanin haɗa kwamfuta a Amurka da Turai da furosesa suke farawa, domin ba su taɓa tunanin za a ɗauke wuta ana tsakiyar wasa ba. Mu a nan tilas a juya tsarin. Jihar Kebbi tana ƙarƙashin kamfanin rarraba wuta na Kaduna, tare da Sakkwato da Zamfara, amma mai son yin wasa a lokacin da ya ga dama ya san da sola ko ƙaramin janareto zai dogara. Tambayar farko ke nan ita ce: wat nawa ɗakin zai iya ciyarwa, kuma har tsawon awa nawa?

Lissafin ba shi da wuya. Batir mai bolt 12 da amfiya 200 yana ɗauke da wat-awa 2,400 a rubuce. Idan irin batir mai ruwa ne, ba a so a zuƙe fiye da rabinsa in ana son ya yi ƙarko, saura 1,200 ke nan. Inbata ma tana cin nata rabon wajen juya wutar, don haka abin da zai isa ga kwamfuta bai wuce kimanin 1,000 ba. Na'urar da ke jan wat 330 tare da allon kallonta za ta cinye wannan cikin awa uku. Wadda ke jan wat 130 kuwa za ta haura awa bakwai. Wannan bambanci ba a ganin sa a jikin kwali, amma shi ne mai na'ura zai zauna da shi kullum. Sashen da ya yi araha a kasuwa amma yake zuƙar wuta, a hankali zai karɓe ragin da aka samu, ta hanyar fetur ko ta hanyar batirin da ya mutu kafin lokacinsa.

3.0 Wane Wasa, a Kan Wane Allo?

Motsin da ake gani a wasa jerin hotuna ne da na'ura ke zanawa ɗaya bayan ɗaya. Idan tana zana 60 a daƙiƙa guda, ido zai ga motsin sumul, wato kowane hoto an ba shi ƙasa da kashi 17 cikin dubu na daƙiƙa. Idan adadin ya faɗo ƙasa da 30, sai a ga ɗan wasa yana tsalle-tsalle, ƙwallo ta bar ƙafarsa kafin hannu ya danna. Nauyin wannan zane ya danganta da yawan ɗigon da ke allon. Allo mai 1920 sau 1080 yana da ɗigo 2,073,600, shi kuwa wanda ake kira 4K yana da 8,294,400, ninki huɗu cif. Wanda ya sayi babban allon 4K da ƙaramin jari ya ɗora wa na'urarsa kayan raƙumi alhali jaki gare shi. Allo mai 1080 na inci 22 ko 24 ya wadatar. Talabijin ɗin gida ma tana iya aiki, in dai an kunna mata tsarin wasa da ke cikin saitinta, domin in ba haka ba takan jinkirta hoto.

Wasannin su ma ba nauyinsu ɗaya ba. eFootball da Valorant da GTA V, wanda ya fito a kwamfuta tun 2015, ba su da cin rai. Warzone da sababbin wasanni masu faɗin duniya su ne ke neman kati mai ƙarfi. Ya kamata mai saye ya rubuta wasanni uku da ya san zai riƙa bugawa, ya auna na'urarsa da su, ba da wasan da ya gani a YouTube ba wanda ko datar sauke shi ba zai iya saya ba.

4.0 Furosesa da Uwar Allo

Furosesa ita ce ke lissafin abin da ke faruwa a wasa, uwar allo kuma ita ce faifan da dukkan sassa ke zama a kai. Ba a zaɓen ɗaya ba tare da ɗayar ba, domin kowace furosesa tana da irin gurbin da take shiga, kuma ta Intel ba ta shiga gurbin AMD ko da za a danna da guduma.

Ga mai ƙaramin jari, gurbin AM4 na kamfanin AMD shi ne ya fi dacewa a ganin wannan marubuci. Ya daɗe a kasuwa, allunansa irin su A520 da B450 da B550 sun yawaita, kuma yana aiki da RAM nau'in DDR4. Gurbin AM5 da ya gaje shi a 2022 ba ya karɓar komai sai DDR5, wadda ta fi tsada. A kan AM4 akwai furosesa biyu da sunayensu suka yi kama har sukan ruɗa mai saye. Ryzen 5 5600 tana da ƙwayoyin aiki shida, amma ba ta iya fitar da hoto da kanta, sai an haɗa ta da katin hoto. Ryzen 5 5600G ita ma shida gare ta, ta ɗan gaza ƴar'uwarta sauri a wasa, amma tana da sashen hoto a cikinta. Wannan harafi guda na G shi ne ke ba ɗalibi damar ya kunna na'urarsa yau, ya yi aikin makaranta, ya buga wasanni marasa nauyi a sassauƙan saiti, sannan ya ƙara katin hoto bayan an sayar da albasar baɗi. Ita ce kuma na'urar wat 130 da aka ambata a sama.

A ɓangaren Intel harafin da za a lura da shi F ne, ma'anarsa kuma akasin ta G: Core i3-12100F da Core i5-12400F ba su da sashen hoto. Dukansu na 2022 ne, suna shiga gurbin LGA1700, allon H610 kuma ya ishe su. Sai dai allunan wannan gurbi wasu na DDR4 ne wasu na DDR5, don haka a karanta kwalin da kyau.

Akwai wani tarko a allon B450. Ya riga Ryzen 5000 fitowa, saboda haka wanda ya daɗe a ajiye ba zai gane sabuwar furosesa ba sai an sabunta masa ƙaramar manhajar da ke cikinsa, wadda ake kira BIOS. Mutum zai haɗa komai daidai, fanka ta juya, allon kallo ya tsaya baƙi ƙirin, ya ɗauka an cuce shi. Maganin abin shi ne a sa mai shago ya ɗora furosesar a kan allon ya kunna a gaban mai saye.

Kada kuma a ruɗu da sunan i7. Core i7 ta ƙarni na uku ko na huɗu, wadda ake tallatawa da babbar murya, ba ta kai i3 ta ƙarni na goma sha biyu ba. Ban da haka, Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma a hukumance ba ya karɓar Intel da ta gaza ƙarni na takwas, ko Ryzen da ta gaza jerin 2000.

5.0 Katin Hoto

Nan ne mafi yawan kuɗi ke tafiya, nan ne kuma aka fi yin kuka. Katin hoto shi ke zana hotunan nan 60 a daƙiƙa, kuma daidai ne ya ci kashi ɗaya cikin uku na jarin, ko ma fiye. Abubuwa uku ake dubawa: ƙarfinsa, da girman ma'ajiyarsa, da wutar da yake ja.

GTX 1650 na 2019 yana da gigabait 4, yana jan wat 75 kacal, har wasu nau'o'insa ba sa buƙatar wayar wuta ta daban. GTX 1660 Super yana da 6, yana jan 125. RX 580 na 2017 yana da 8, ya cika kasuwa, yana da araha, amma yana jan wat 185. RX 6600 na 2021 shi ma 8 gare shi, ya fi RX 580 ƙarfi nesa ba kusa ba, alhali wat 132 yake ja. RTX 3060 mai gigabait 12 yana jan 170, farashinsa kuma ya fara fita daga sahun masu ƙaramin jari. Idan aka ɗora waɗannan alƙaluma a kan lissafin batirin da ya gabata, za a ga dalilin da ya sa RX 6600 ya fi dacewa da ɗakin da ke kan sola, ko da za a ƙara haƙurin wata biyu ana tari. Shi kuwa RX 6500 XT, duk da sabuntarsa, gara a kauce masa in furosesar 5600G ce ko allon B450 ko A520 ne, domin hanyar da yake magana da allo siririya ce, a kan waɗannan kuma saurinta yana raguwa da rabi.

Yawancin katunan da za su zo hannun mai saye a nan landan-yus ne, kuma yana da kyau a san tarihinsu. Shekaru da dama ana amfani da katunan hoto wajen haƙar kuɗin kirifto na Ethereum, suna aiki dare da rana ba hutu. A ranar 15 ga Satumba, 2022, Ethereum ya sauya tsarinsa ya daina buƙatar haƙar, sai katunan suka kwararo kasuwannin duniya. Ba kowane katin haƙa ne matacce ba, amma fankarsa ta gaji, man da ke tsakanin ƙwaƙwalwarsa da ƙarfen sanyaya ya bushe, wani kuma an sauya masa manhajar ciki. Akwai kuma wanda ake kira RX 580 2048SP, wanda aka yi domin kasuwar Sin, wanda a gaskiya ajin RX 570 ne aka laƙaba masa babban suna. Mafi muni su ne jabu: tsohon kati irin GTS 450 da aka yi wa dabara yake nuna kansa a matsayin GTX 1050 Ti. Windows zai karanta sunan ƙaryar ya yarda, sai an shiga wasa asiri ya tonu.

Gani ya kori ji. A sa katin a na'ura, a buɗe ƙaramar manhajar GPU-Z, wadda kyauta ce kuma takan tona irin wannan jabu, a gwada alƙaluman da ta nuna da waɗanda kamfani ya wallafa. Sannan a kunna wasa mai nauyi ko manhajar FurMark na minti ashirin zuwa talatin, ana kallon ma'aunin zafi. Idan aka ga ɗige-ɗige masu launi, ko layuka, ko allon ya ɗauke ya dawo, a ajiye katin komai rantsuwar mai shi. Mai shagon da ya ƙi a yi gwaji ya riga ya faɗi abin da ke cikin kwalin.

6.0 RAM da Ma'ajiya

Gigabait 16 na DDR4 mai saurin 3200 ya isa, amma a saye shi sanda biyu masu 8, ba sanda ɗaya mai 16 ba. Sanda biyu suna buɗe hanya biyu tsakanin RAM da furosesa, kuma ga mai 5600G wannan ba ƙaramin abu ba ne, tun da sashen hotonta daga RAM ɗin yake aron wurin aiki. A allo mai gurbi huɗu, na biyu da na huɗu daga gefen furosesa ake sakawa. A shiga BIOS kuma a kunna XMP, in ba haka ba RAM ɗin zai yi ta tafiya ƙasa da saurin da aka biya. Daga ƙarshen 2025 farashin RAM ya yi tashin gwauron zabi saboda cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira da ke wawure shi, don haka wanda ya samu na hannu mai lafiya kada ya raina.

Wajen ajiya, SSD ake so, ba tsohon faifai mai juyawa ba, wanda ɗaukewar wuta da girgizar mota ke saurin kashewa. Nau'in SATA yana karanta kusan megabait 550 a daƙiƙa, NVMe kuwa yana kaiwa 3,500, amma a wasa bambancin bai kai yadda alƙaluman suka nuna ba. Girma ya fi muhimmanci, domin GTA V shi kaɗai yana cin kusan gigabait 100. A fara da 512 in jari ya gaza.

7.0 Akwatin Wuta

Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Akwatin wuta, wanda masu gyara ke kira fawa, shi ke karɓar bolt 230 na bango ya mayar da shi 12 da 5 da 3.3 da sassan ke sha. Ba ya ƙara wa wasa kyau ko kaɗan, shi ya sa idan kuɗi suka kusa ƙarewa a kansa ake rage wa. Amma shi kaɗai ne sashen da in ya mutu yakan tafi da maƙwabtansa. Akwatin da ba shi da suna, marar nauyi a hannu, wanda aka rubuta wa wat 650, sau da yawa ba ya iya ba da abin da aka rubuta, kuma ba shi da kariyar da za ta yanke wuta idan ta yi yawa. A duba takardar da ke gefensa a ga abin da layin bolt 12 ke bayarwa, domin daga nan furosesa da kati ke sha. Wat 500 zuwa 550 na sanannen kamfani irin Corsair ko Seasonic ko Cooler Master ya ishi duk haɗin da aka ambata. Tambarin 80 Plus yana nufin aƙalla kashi 80 cikin ɗari na wutar da ya ja yana isa ga sassan, saura ya zama zafi. Shaidar tattali ce, ba shaidar ƙarko ba, amma rashinta alama ce. Wannan sashe dai sabo ake saye.

Tsakanin bango da akwatin kuma sai an sa mai gadi. Wutar da ke dawowa da ƙarfi bayan ɗaukewa, da ta ƙaramin janareto da ke hawa da sauka, duk suna gajiyar da na'ura. Sitabilaiza tana daidaita hawa da saukar, UPS kuma tana ba da ƴan mintunan kashewa cikin natsuwa. A lura cewa lambar VA da ke jikin UPS ba wat ba ce: mai 650VA ba ta cika wuce wat 390 ba. Haka nan akwatunan wuta na zamani sun fi jituwa da inbata mai fitar da tsarkakakkiyar igiyar wuta, ta araha mai kwaikwayo takan sa su ƙara ko su ɗauke.

8.0 Zafi da Ƙura

Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗaki take turawa a kan ƙarfe mai zafi. Masu gwajin sassa a ƙasashen waje suna aunawa a ɗaki mai digiri 21 zuwa 25. A watannin Afrilu da Mayu zafin wannan yanki yakan haura digiri 40, ɗakin kwano marar silin kuwa ba a magana. Furosesar da aka ce tana tsayawa a 70 a can, a Jega za ta kusanci 85 ko 90, kuma tsakanin 90 da 100 ne take rage wa kanta gudu don kada ta ƙone. Saboda haka akwati mai gaban raga ya fi mai gaban gilashi da fitilu masu launi, duk da cewa na biyun ne ke ɗaukar idon samari. Fanka biyu a gaba masu shigar da iska, ɗaya a baya mai fitarwa: idan mai shiga ta fi mai fita yawa, ƙura ba ta samun kutsawa ta ramukan da ba su da mataci. A ɗora akwatin a kan tebur, ba a ƙasa ba. A lokacin hunturu a wanke ragar duk mako biyu, a hure cikin da abin hura iska, ana riƙe da fankokin kada su yi ta juyawa.

Hunturu yana da wata illar. Tartsatsin nan da mutum ke ji idan ya cire rigar sanyi ko ya taɓa ƙofar mota, shi ne ke kashe RAM ko allo ba tare da an ga alama ba. Kafin a taɓa kowane sashe a taɓa ƙarfen akwatin, a riƙe sassan ta gefe, kada a yi aikin a kan darduma ko bargo. Furosesar AM4 a jikinta alluran suke, ta LGA1700 kuwa a cikin gurbin allo suke. Ko wacce ce, ajiye ta ake yi a hankali bisa alamar kusurwa, ba a dannawa.

9.0 Tsohuwar Kwamfutar Ofis da Batun Kasuwa

Wanda jarinsa bai kai ko'ina ba yana da wata hanya: ya sayi tsohuwar kwamfutar ofis irin Dell OptiPlex ko HP EliteDesk mai Core i5 ta ƙarni na takwas, ya ƙara RAM da SSD, ya sa mata GTX 1650 marar wayar wuta. Hanya ce mai kyau, amma tana da iyaka. Akwatin wutar irin waɗannan ƙarami ne, mahaɗinsa kuma na kamfanin ne kaɗai, ba a cika samun canjinsa da na kasuwa ba. Siraransu kuma gajeren kati kawai suke ɗauka, don haka a nemi mai babban akwati, ko a auna kafin a biya.

Sassa irin waɗannan an fi samun su a Titin Beirut da ke Kano, ko a Kasuwar Kwamfuta ta Ikeja a Legas. Zuwa da kai ya fi aike, kuma ɗalibai uku ko huɗu suna iya haɗa kuɗin mota su tura wanda ya fi su sani. In kuwa sai an aiko, a nemi bidiyon sashen yana aiki tare da lambar jikinsa, a yi yarjejeniyar kwanakin gwaji a rubuce ko da ta WhatsApp ce. Kada a yarda a aiko da kati yana maƙale a jikin allo, domin ramukan hanya suna iya tsage gurbin. Kowanne ya zo cikin kwalinsa. Idan kayan sun iso tashar Jega, a fara haɗa allo da furosesa da RAM a kan kwalin allon, a ga hoto ya fito, kafin a ɗaura ko da noti guda. Wayar allon kallo kuma a bayan katin hoto ake soka ta, ba a bayan uwar allo ba.